Gurgu Ya Yi Ajiya, Malam Ya Kasa Barci

Malam, sassauta murya, duk tashar Titin Bauchi ta ji ka. An ce maka bawan Allahn nan mai keken hannu, wanda ke sayar da katin waya kusa da inda motocin Bauchi da Gombe ke lodi, yana da asusu a banki. Asusun ma da sauƙi, wai har da kuɗi a ciki. Kuma wai sunansa na cikin masu jiran tallafin gwamnati. Ka ce wannan zalunci ne? Wa aka zalunta? Ka ce gwamnati? Ikon Allah! Yau kai ne lauyan gwamnati, kai da tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin man fetur ya tafi, ba ka ƙara kiran sunanta ba sai da tsaki.

To, gyara zama mu yi ta. Ni rigima ba ta taɓa gundurata ba.

Ka ce ajiyarsa ta wuce iyaka? Wace iyaka? Nawa ce, kuma wa ya shata ta? Kada ka kalli sama, amsar ba ta can. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar gine-gine, ta yi maganar makaranta da asibiti, ta ce a ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta yanka tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna musu wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Amma ba ta yanka wa kowa kuɗin wata ba, balle ta ce wanda ajiyarsa ta kai kaza a soke sunansa. Kuma kada ka ce wannan zancen mutanen Abuja ne. Hukumar da dokar ta haifar, tun kafa ta a 2020 'yan Filato ke jan ragamarta: James Lalu da fari, sai a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, lauyan da shan'inna ta taɓa tun yana yaro, wanda cibiyarsa ta Beautiful Gate a nan Jos ta daɗe tana ƙera kekunan hannu tana rabawa kyauta. Wa ya sani, ko keken da ya tsone maka ido daga can ya fito.

Kuɗin wata na naƙasassu, in ka ji shi a Arewa, jiha ce ta yi. Sule Lamido ya fara a Jigawa a 2007, naira 7,000 duk wata. Na tarayya kuwa talauci yake dubawa, kuma gida guda ake ba: naira 5,000 a wata zamanin Buhari, da rancen Bankin Duniya da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka maido daga Suwizalan, sannan naira 25,000 sau uku da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Oktoban 2023 da sunan gidaje miliyan 15. Hanyar shiga rajistar masu karɓar tallafin a tsarinta ita ce a tara mutanen unguwa, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi wa suke kira talaka a wurinsu, su jero sunaye. Daga nan ma'aikata su bi gida-gida suna tambayar irin rufin ɗaki da daɓensa, da yawan masu kwana a ciki, da abin da gidan ya mallaka. Ka ga ashe alƙalan farko maƙwabta ne. Watau kai. Ranar taron kana ina? Ka ce ba a gayyace ka ba? An yi shela, kana wajen kallon ƙwallo.

Ka ce ai kai da kunnenka ka ji an ce naira 5,000? Yawwa, nan ka yi gaskiya, kuma tunda ba kullum take faɗo maka ba, bari in yaba. A Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, Buhari ya ce a faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa 3.6. Ministar jinƙai ta lokacin, Sadiya Umar Farouq, ta bayyana cewa wajen gano talakawan birni za a duba lambar BVN a ga masu naira 5,000 ko ƙasa da haka a asusu, a kuma duba masu sa katin waya na naira 100 zuwa ƙasa. Dabarar gaggawa ce a lokacin gaggawa. Amma tunda kai ka riƙe ta tamkar aya, zo mu gwada ta a kan mutanen da ka sani.

Dillalin kasuwar Farin Gada da ya juye duk kuɗinsa a kwandunan tumatir da buhunan kabeji tun asuba, asusunsa ya koma naira 800: talaka ne, a taimaka masa. Alhajin da bai taɓa yarda da banki ba, dukiyarsa na tafiya da ƙafa huɗu a daji: wannan ai miskini ne, a fara da shi. Makauniyar da ta shekara tana tara ɗari-ɗari don kuɗin jarrabawar ɗanta, har Allah ya kai ta naira 6,000: Hajiya, koma gida, kin fi ƙarfin tallafi. Kai kanka, Malam, ranar 26 ga wata ka cancanta ba tantama. Ranar da albashi ya shigo ka fita daga talauci da tafi, bayan kwana huɗu ka dawo gida lafiya.

Ka ce a ƙasashen da suka ci gaba ba a wannan wasan? Na san can za ka gudu. Mu je tare, ni zan biya kuɗin mota.

A Birtaniya iyakar a rubuce take, ba jita-jita. Tallafin da suke kira Universal Credit, wanda marasa lafiya da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi ke karɓa, yana auna abin da mutum ya mallaka. Ajiyar da ba ta wuce fam 6,000 ba, ba ruwansu da ita. Daga nan zuwa fam 16,000, kowane fam 250 da ya hau sai a zabtare fam 4.35 a wata. Mai fam 7,000 zai rasa fam 17.40, mai fam 10,000 zai rasa fam 69.60. In ta haura fam 16,000, an rufe ƙofa. Ajiyar miji da mata a haɗe ake lissafa ta. Gidan da mutum yake ciki ba ya shiga lissafi, amma gado da ya faɗo masa yana shiga. Kuma nauyin faɗa a wuyan mai karɓa yake: da zarar abin ya canza shi zai sanar da ma'aikatar ayyuka da fansho, ba zai zauna jiran a zo a tambaye shi ba.

Ga ɗan'uwanka can gefe yana murmushi, tun ɗazu yana jin daɗi ina tsokanarka. Kai ma matso, Alhaji ƙarami, layinka ya zo. Na san kana da ƙani a Manchester, wanda ciwon baya ya zaunar, kuma kai ne babban mashawarcinsa ta WhatsApp. Ka ce maganin abin mai sauƙi ne, ya ja bakinsa ya yi shiru? Madalla da wannan hikima. Su ma Turawan sun taɓa jin labarinta. Sukan zaɓi mutum su ce ya turo bayanan bankinsa na 'yan watanni, kuma a 2025 gwamnatinsu ta kai majalisa ƙudurin dokar da zai sa bankuna da kansu su riƙa nuna asusun da suka haura iyaka. Wanda aka gano zai maido da duk rarar da aka biya shi, ko ta shekara nawa ce. In sakaci ne, ga tarar fam 50 a kai. In da gangan ne, ko dai tara ta rabin kuɗin da ya ci, wadda ke iya kaiwa fam 5,000, ko kuma kotu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na banki ma har da kwanan wata da lambar rasit.

Ka ce to ya turo maka kuɗin ka riƙe masa? Na ga yadda idonka ya yi haske. Wannan ma sun rubuta shi tun kafin ka tuna: wanda ya rabu da dukiya don tallafi ya samu, ana lissafa ta kamar tana hannunsa. Kuɗi sun tafi Jos, tallafi ya tsaya a Manchester, kai kuma ka ƙara aure. Ka ce ya sayi fuloti a Rikkos? Filin da mutum ba ya zaune a ciki dukiya ce a lissafinsu, ko a Landan yake ko a bayan Dutsen Naraguta. Ka ce ya shiga adashi? Ranar kwasa fa, a aljihun wa za su sauka?

Ka ce amma in ya faɗa za a yanke masa komai? A nan ne tsoro ke sa mutane aikata abin da ba su buƙata. Akwai wani tallafin daban, PIP, wanda ake bayarwa saboda ƙarin ɗawainiyar da naƙasa ke jawowa. Shi ba ya kallon ajiya ko albashi ko kaɗan, miloniya ma in lalurarsa ta kai zai karɓa. A Universal Credit ɗin ma, biyan bashi na gaskiya da sayen abin da hankali zai ɗauka ba a kiransu ɓoyon dukiya. Diyyar rauni da kuɗin baya da hukuma ta biya a dunƙule ana ɗauke kai daga gare su har wata 12. Mutum na iya kwana da fargaba shekara biyu a kan abin da, da ya buɗe baki, fam ashirin za a rage masa a wata. Faɗa wa ƙaninka ya shiga shafinsa ya rubuta adadin da ranar da kuɗin suka shigo, ya ajiye takardunsa. Shawarar kyauta ce, ba sai ka turo mini kaso ba.

Na gida kuma da ke cewa a cire kuɗin daga banki a tura ƙarƙashin katifa, ka manta farkon 2023? Babban Banki ya canza fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka ga dattawa da buhunan tsofaffin kuɗi a layi cikin sanyin Jos tun kafin kiran assalatu. Wanda ya ɓoye don kada a gani, duk unguwa ta gani. Ko ba a canza kuɗi ba, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Ita ba ta buƙatar BVN, har ƙarƙashin katifar take bi ta ci rabonta.

Ka ce kuɗin gwamnati ai na kowa ne, wanda ya samu ya ci? Mun ga wannan fatawa a aikace ranar 24 ga Oktoba, 2020, a Bukuru, lokacin da jama'a suka fasa rumbun kayan tallafin korona har ta saman rufi. Ka ga bidiyon. Gaya mini, a cikin masu gudu da buhu a ka, gurgu nawa ka ƙirga? Makaho nawa? Duk ranar da rabo ya koma na mai ƙarfi, waɗanda aka yi abin dominsu su ne ke komawa hannu rabbana. Rajistar ma haka take, guraben a ƙirge suke. Mai shago biyu da ya sa tsohuwar riga ranar da masu rajista suka zo, har ya kai babur gidan maƙwabci ya ɓoye, ba Abuja ya cuta ba. Bazawarar da ke bayan gidansa da yaro mai farfaɗiya ya ture. Ka ce manya ma suna ci? Suna ci mana, a Janairun 2024 an dakatar da minista Betta Edu a kan batun naira miliyan 585 da aka ce a tura asusun wata ma'aikaciya. Sai me? Don an zargi minista sai kai ka rama a kan bazawara?

Saboda haka in an tambaya a faɗa, a nan ne ko a can. Malam, na ga ka miƙe kana gyara hula, wai na dawo bayanka. Zauna. Faɗar gaskiya ga hukuma daban, yarda cewa layin da ta ja yana da hankali daban.

Dubi Amurka. Tallafinsu na SSI, na tsofaffi da makafi da naƙasassu marasa ƙarfi, iyakar dukiyarsa dala 2,000 ce ga mutum ɗaya. Tun yaushe? Tun 1989, kana makarantar allo. Mafi yawan abin da tarayya ke biyan mutum ɗaya a 2025 dala 967 ne a wata, watau wanda ya yi tsimi ya ajiye na wata biyu da 'yan kai ya taka doka. Ga kuma abin dariya: ma'aurata dala 3,000 ne iyakarsu. Biyu da biyu huɗu ne a waje, in an ɗaura aure ya koma uku. Ko sadaki bai kai wannan tsada ba. Su kansu sun ga abin bai yi ba, a 2014 suka yi dokar ABLE, wadda ta ba mai naƙasa damar buɗe asusu na musamman ya tara har dala 100,000 ba tare da an taɓa masa SSI ba. Fam 16,000 na Birtaniya ma yana nan inda aka dasa shi tun 2006, farashin komai ya wuce ya bar shi. Waɗannan su ne ƙasashen da ka gudo wurinsu neman mafaka. In sun ja layi suna shekara da shekaru ba su waiwaye shi ba, mu da mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a cikin shekara biyar kuma har yanzu bai isa ba, layinmu kwana nawa zai yi kafin ya ruɓe?

Ka ce addini ma ai ya ja layi? Ya ja, kuma na ji daɗi da ka kawo kanka. Nisabin zinariya miskali 20 ne, kusan giram 85. Na awaki da tumaki 40, na shanu 30. Mai awaki 39 ba a karɓar zakkar dabba a hannunsa, kai kuma naira dubu shida ta makauniya ta hana ka barci. Hanafawa sun ce wanda ya mallaki nisabi bayan buƙatunsa na dole ba ya karɓar zakka. Amma Malikawa, waɗanda littattafansu aka karantar da kakanninmu a zaure, abin da suka duba shi ne ko abin da ke hannun mutum zai kai shi shekara. Wanda bai da abincin shekara fakiri ne a wurinsu, ana iya ba shi ko da ya mallaki nisabi, kuma ana iya ba shi abin da zai ishe shi shekarar. Yana nan cikin Mukhtasar na Khalil, je ka tambayi malamin unguwarku bayan sallar isha'i. Malaman nan ba su tsaya a kan nawa ke hannu yau ba, sun tambayi ina zai kai mutum. Hatsin da ka gani a rumbun manomi a watan Disamba ba shaida ba ce cewa ba zai ji yunwa a Agusta ba.

Shekarar mai naƙasa kuwa ta fi taka tsada, ko ka ƙi ko ka so. Kai in kuɗin mota ya ƙare, sai ka taka daga tasha zuwa kasuwar Terminus kana gaisawa da mutane. Shi dole ya ɗauki keke napep, wani lokaci ya biya kujera biyu saboda kekensa. Taya na fashewa, sarƙa na tsinkewa, kujerar na ruɓewa da damina, kuma ka san ruwan Jos ba ya wasa. Ƙafar roba tana tsufa, ta yaro kuma yana girma tana matse shi. Na'urar ƙara ji tana cin batir. Makaho na ciyar da ɗan jagora. Mai farfaɗiya in maganinsa ya yanke kwana uku, kowa a gidan ya san abin da zai biyo baya. Kuɗin da ka hango a asusun nan keke ne da bai riga ya lalace ba, gadon asibiti ne da ba a riga an hau ba. Mu ne fa muke cewa ajiya maganin wata rana. Ashe karin maganar na masu ƙafa biyu ne kaɗai?

Kuma dubi wahalar da aka sha kafin a zo nan. Tun 1953 makarantar makafi ta Gindiri ke koyar da karatu da sana'a. Jami'ar Jos, wadda ƙofarta ke kan wannan titin naka, tana da sashe guda na horar da malaman masu buƙata ta musamman. Sarakunan makafi da na guragu sun gaji da jin gorin bara. Kai kanka sau nawa ka leƙo ta tagar mota ka ce wa mutum ya je ya nemi sana'a? To ya nema. Ya kasa kati, ya yi tsimi, ya buɗe asusu, ya fara tara jarin firiji don ya ƙara da ruwan sanyi. Yanzu ka ce a soke sunansa don ya ji maganarka. Darasin da kake koya masa shi ne ya cinye komai kafin dare, ya tabbata asusu ba ya kwana da ko sisi, ya zauna daidai inda tausayinka zai iya ganinsa. Tausayin naka ma naira hamsin ne ranar Juma'a.

Ka ce to a bar kowa ya karɓa, har mai gidan bene? Wa ya ce haka? Kuɗin ba su da yawa, dole a auna. Amma yanzu da aka ɗaure biyan tallafi da lambar ɗan ƙasa ta NIN da BVN, ranar da wani a Abuja zai ga sauƙin jan layi a kan asusu ba ta da nisa, kuma gara a yi rigimar tun kafin a buga tambari. In za a ja, a rubuta adadin a fili da Hausa da Berom da duk harshen da mutane ke ji, kada a bar shi a bakin wakilin unguwa yana ƙara shi yana rage shi gwargwadon wanda ya gaishe shi. A riƙa ɗaga shi yadda farashi ke tashi. A rage tallafi sannu-sannu maimakon a datse shi rana ɗaya saboda naira ɗari ta hau. A ware kuɗin keke da magani da jarin sana'a daga lissafi. A raba tallafin ɗawainiyar naƙasa da tallafin talauci, don gurgun da ya samu aikin koyarwa bai daina sayen taya ba. Sannan wanda ya zo da kansa ya ce ajiyata ta ƙaru, a ce masa sannu da gaskiya, a gyara lissafi, kada a tara masa jama'a.

Ka ce duk wannan dogon zance ne, kai dai doka ka sani? To ga doka. Waccan ta 2019 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su yi hanyar da keke zai hau, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Tashi mu taka daga nan zuwa Terminus, mu ƙirga bankuna da ofisoshi da asibitoci da masallatai da coci-coci da mai keken nan zai iya shiga ba tare da samari huɗu sun ɗaga shi ba, har da bankin da kake zargin ya tara dukiya a ciki. Tunda kai mai kishin doka ne, kai za ka riƙe biro.

Ka ce gwiwarka na ciwo, ba za ka iya takawa ba? Kash, sannu Malam. Da kana da 'yar ajiya ai da mun hau napep.